Dariyar Ja'afar Ba Ta Da Sauti

Wurno, ranar Talata

Zuwa ga bawana Ja'afar, a Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ba don ka cancanta ba, sai don Gwaggo Turai ta ce in gaishe ka, ni kuma ba na saɓa wa ƙanwar ubana. Mu duka lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Maigidana Ismail yana gaishe ka, yara ma haka. Ranar Juma'a na je Goronyo, na iske Gwaggon, mahaifiyarka, tana shanya kuɓewa. Lafiyarta lau, sai kewar ɗanta da ya tafi birni ya zama abin kallo.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe sabis a yankinmu saboda matsalar tsaro, wayoyinmu sun koma fitila da agogo. Malam Ƙasimu, direban motar albasa mai zuwa Kano, ya ce zai riƙa kai maka ya kuma karɓo amsa. In ya zo ka ba shi abinci, kada ka nuna masa halinka.

Sabis ya tafi, amma kai ka ƙi tafiya. Duk wanda ya shiga Sakkwato sai ya dawo da waya cike da bidiyonka, wannan ya tura wa wancan. Yaran unguwarmu ba su da aiki sai kwaikwayon Ja'afar Mai Dariya. Jiya 'yata Habi ta zo da gudu tana tambayata, “Inna, da gaske Kawu Ja'afar na cikin wayag ga?” Na ce mata, “Shi na, amma bawanmu na, kak ki ji tsoro nai.” An ce mabiyanka sun fi mutanen Wurno da Rabah da Goronyo in an haɗa su. Allah mai iko. Yaron da akuya ta taɓa kora daga bakin dam har cikin ɗakin uwarsa!

Su dai mutanen Kano ka cuce su yadda kake so, ni ba za ka cuce ni ba. Wannan ƙatuwar dariya da suke mutuwa a kanta ta Atiku mahaucin kasuwar Goronyo ce, wadda kake kwaikwayo muna yara har ya bi ka da bulala. Taka ta gaskiya ai ba ta da sauti. Baki a buɗe, kafaɗu na rawa, shi ke nan. Wata rana sai na tona maka asiri.

Ka rubuto, in har ka iya rubutu.

Uwar ɗakinka,
Adawiyya


Kano, ranar Asabar

Zuwa ga Adawiyya, mai tuwon da ake jifar kare da shi.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, na sunsune ta kafin in karanta. Na ji daɗin labarin ƙafar Kawu, ki gaishe shi da kyau. Ki gaida Ismail, ki ce ina jinjina masa a kan haƙurin zama da ke. Ni jikina lafiya.

Na ce jikina, don ban san mi zan ce game da sauran ba.

Adawiyya, ba na barci. Na kan kwanta, amma kaina ba ya kwanciya. Aikin nan ba yadda kuke gani yake ba. Kullum sai na saka sabon abu, in na yi kwana biyu ban saka ba kallo ya ragu, masu ba da talla su daina kira. Mujaheed, abokin aikina mai riƙe kyamara, da sassafe yake buga mani ƙofa yana cewa yau mi za mu ba su. Ina sallame salla hannuna ke zuwa kan waya, tun kafin in ɗaga shi in roƙi Allah. Mutum dubu za su yabe ni in wuce ban ji komi ba. Mutum ɗaya zai rubuta cewa na tsufa, ko ya zagi Inna wadda bai taɓa gani ba, sai in yini da maganarsa a ƙirjina.

Ga abin da ya fi damuna. Maƙwabcinmu ya rasu, wani dattijo da ke ba ni ruwan alwala. Muka kai shi maƙabarta. Ana cikin zuba ƙasa wani saurayi ya matso kusa da ni, ya ɗaga waya, ya ce a hankali, “Mai Dariya, yi mana ɗaya mana.” Adawiyya, na yi. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya buɗe da kansa kamar yadda ya saba in ya ga waya. Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Yanzu rabin mutane tsine mani suke yi, rabi kuma suna cewa in ƙara. 'Ya'yan mamacin ba sa amsa gaisuwata, kuma suna da gaskiya.

Ban gaya wa kowa ba. Mujaheed in na gaya masa sai ya ce mu ɗauka, zai yi kasuwa. Inna kuwa kin san hawan jininta, don Allah kada ta ji. Ke na zaɓa don ke kaɗai ce ba ki taɓa ɗaukata wani abu ba.

Na gaji. Ba gajiyar jiki ba. Wani lokaci ina tsallaka titi sai in ji ko mota ta taho ko ba ta taho ba, duk ɗaya ne a wurina. Wannan yana ba ni tsoro.

To, na cika ki da surutu. Ki rage kanwa a miya.

Ubangidanki da ya fi ki kyau,
Ja'afar


Wurno, ranar Laraba

Bawana,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai Habi da ta yi mura ta warke. An fara girbin gero a Maikujera, Ismail ya je taya wansa.

Kai, Ja'afar, ka iya! Wallahi ka iya. Takardarka ta iso muna tsakar gida muna ɓarar wake, mu shida, sai na ce bari in karanta masu su ji sabon wasa tun bai fito ba. Na yi ta karantawa da muryarka. Da na zo wurin maƙabarta, Sauda matar wan Ismail ta zame daga kan turmi don dariya, wake ya watse, kaji suka samu rabo. Tana share hawaye tana cewa, “Yaron ga ba shi da dama! Hab bisa kabari?” Wurin tsallaka titi ne kawai bai yi armashi ba, ka gyara shi kafin ku ɗauka.

Wai ka gaji. Mutumin da ke cin kaza kullum, ana ba shi riguna kyauta don ya saka a gani, aikinsa kawai ya buɗe baki. Zo ka yi dashen albasa a fadama, ka yini a duƙe cikin taɓo, sannan ka zo mu yi zancen gajiya. Barci kuma, ai tun kana yaro sai an watsa maka ruwa kake tashi, yanzu ne kake biyan bashi.

In kuwa da gaske kan ya fara juyawa, ai asibitin Kware ba nisa. Ni da kaina zan raka ka, in riƙe maka takalmi, in ce masu ga bawana na kawo, a ɗaure shi da kyau don yana cizo.

Ban gaya wa Gwaggo ba, mi zan gaya mata? Ita ba ta gane irin wasanka na birni.

Na sa Ƙasimu ya kawo maka ƙuli-ƙuli da yaji. Kada ka ba Mujaheed.

Uwar ɗakinka,
Adawiyya


Wurno, ranar Lahadi

Ja'afar,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Gwaggo ma lafiya.

Ƙasimu ya je Kano ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Da farko na ce girman kai ne ya motsa. Jiya na tare shi a tasha na tambaye shi ko ya ba ka takardata. Ya ce, “Hannu da hannu nib ba shi. Yak karanta gabana, yai ta dariya hal mutane sunka taru.” Na ce to mi ya ce. Ya ce, “Bai ce komi ba. Amma Malama, yaron ga ya rame ƙwarai. Ƙulin da kinka ba ni, da nik koma na ishe shi inda nib bar shi.”

Yau kuma ƙanen Ismail ya dawo daga Sakkwato da sabon bidiyonka. Ashe takardata ka mayar wasa. Ga ka nan zaune, ka riƙe ta, kana karanta wa duniya cewa taubashiyarka ta ce a kai ka Kware. Ban ji haushi ba, ai ni na fara karanta taka a tsakar gida. Da ka zo wurin cizo sai ka saki dariyar Atiku mahauci. Ka yi ta yi, ka ƙi tsayawa, har wanda ke riƙe da kyamarar ya fara cewa ya isa. Mutanen gidanmu duk suna ta kwashewa. Ni kafaɗunka nake kallo, kuma ba su motsa ba ko sau ɗaya.

Na ce a sake kunna mani, na kalla ni kaɗai. Idanunka ba su yi mani daɗi ba.

Ban san mi nake son in ce ba. Wataƙila hasken kyamara ne. Kai dai ka rubuto, ko zagi ne, tunda shi ka fi iyawa. Shirun nan ba halinka ba ne, kuma ya hana ni sakewa.

Adawiyya


Kano, ranar Alhamis

Zuwa ga 'yar'uwata Malama Adawiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ki gaida Kawu, ki roƙe shi ya sa ni a addu'a. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na gode da wasiƙunki da saƙon ƙuli. Kin yi gaskiya, ba ni da dalilin gajiya. Mutane da yawa suna cikin wahalar da ta fi tawa.

Bidiyon takardarki ya fi duk wanda na taɓa yi samun kallo. Mujaheed ya ce mu yi kashi na biyu, in fito a mahaukaci. Ya kawo tsummokara, na saka, sun yi mani daidai. Mutane sun ji daɗi.

Gonata ta bakin dam a bar wa Inna, duk wanda ya noma ya riƙa kai mata rabonta. Agogon da Habi ta ce tana so da salla, na ba Malam Ƙasimu ya kawo mata.

Duk abin da na taɓa faɗa maki tun muna yara, ki yafe mani. Tuwonki yana da daɗi. Kullum yana da daɗi, ban dai taɓa faɗa ba.

Allah ya saka maki da alheri.

Ɗan'uwanki,
Ja'afar


Wurno, ranar Asabar da hantsi

Ja'afar,

Kowa lafiya, amma ba shi ne zancen ba.

Ban yafe ba. Ka ji ni? Ban yafe ba, kuma ba zan yafe a takarda ba. In kana son yafiyata ka zo Wurno da ƙafarka ka tsaya a gabana.

Yaushe ka taɓa kirana Malama? Yaushe ka taɓa yabon tuwona? A danginmu sau ɗaya na ga taubashi ya nemi gafarar taubashinsa. Ranar da kakanmu Lawwali yake kwance, ya sa aka kira masa tsohon nan na Gandi da suka shekara saba'in suna zagin juna, ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa. Kai ma kana wurin, muna leƙe ta taga. Ka san abin da ya biyo baya kafin azahar. Ina karanta takardarka wannan ranar ce ta faɗo mani.

Na shiga ɗaki na ɗauko wasiƙarka ta farko, na karanta ta da muryata, ba da taka ba. Ja'afar, babu wasa a cikinta. Ka faɗa mani ƙarara cewa kana jin tsoro, ni kuma na tara mata na ba su dariya da shi. Mun saba duk abin da ya fito daga bakinka zuwa kunnena wasa ne, ban taɓa koyon jin ka ta wata hanya ba. Wannan ba hujja ba ce, ina dai gaya maka yadda aka yi.

Na hau babur har tudun nan na hanyar Marnona da ake cewa ana ɗan samun sabis, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ban samu komi ba. Don haka Ismail zai biyo motar Ƙasimu yau, shi zai ba ka wannan da hannunsa. Na gaya masa komi. Ka buɗe masa ƙofa. Ba zai yi maka wa'azi ba, ka san shi, magana ma wuya take yi masa. Ka shigo mota ku taho tare. Kada ka tsaya haɗa kaya, kada ka tsaya sallama da Mujaheed.

Na mayar maka da agogon. Habi ta ce kai za ka ɗaura mata.

Don girman Allah ka jira shi. Abin da nake roƙo ke nan, ka jira.

Wannan takarda babu wasa a cikinta. Ka juya bayanta ma, babu.

Adawiyya


Wurno, ranar Laraba

Ja'afar,

Ban san wa zan ba wannan ba, don motar ba ta dawo ba. Ya kamata a ce tun Litinin sun iso. Ina rubutawa ne don hannuna ya samu abin yi.

Kullum ina tasha. Masu shayi har sun gane ni, sun daina tambaya. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa, duk wanda ya sauko daga Sakkwato sai in ce ko akwai sabon bidiyonka. Babu. Da can haushi nake ji in an cika ni da su, yanzu ko na tsummokaran ne a nuna mani, in dai na jiya ne.

Jiya na je Goronyo don zama ya gagare ni. Na gaida Gwaggo, na zauna ina taya ta tsinkar zogale. Can ta ajiye tire ta dube ni ta ce, “Adawiyya, yau kin shigo gidan ga ba ki zagi bawan naki ba. Mi af faru?” Na ce kaina ke ciwo. Da zan tafi sai ta rako ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ya Allah ka sa taya ce ta fashe.

Adawiyya


Goronyo, ranar Juma'a

Adawiyya,

Ina gida. Ina raye. Na fara da wannan don na san shi kike jira. Inna lafiya, tana ta dafa abin da ba zan iya cinyewa ba.

Takardarki ta Laraba ta iske ni a nan. Ba taya ba ce, ni ne na jinkirta su. Da Ismail ya zo na ƙi buɗewa. Bai buga sau biyu ba. Ya turo takardarki ta ƙarƙashin ƙofa, ya zauna a nan bakin ƙofar, ina jin sa yana ɓare gyaɗa. In lokacin salla ya yi sai ya ce, “Ja'afar, an kira,” ya je ya dawo ya zauna. Mujaheed ya zo da kyamara, ban san mi Ismail ya gaya masa ba, na dai ji takunsa yana sauka da sauri. Malam Ƙasimu kuma ya ƙi ɗaukar lodin dawowa, ya ajiye mota yana jira.

Sai a rana ta uku na iya karanta takardar, ina neman inda za ki saki wasan. Na kai ƙarshe ban gani ba. Kada ki yi mamaki, na juya bayanta. Da na ga farar takarda sai na fashe da kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Washegari na buɗe ƙofa.

A bayan mota na zauna, cikin buhunan albasa da babu komi a ciki, don kada a gane ni a hanya. Da muka zo mararrabar Wurno na roƙe su kada su shiga. Ki yi haƙuri. Ba fushi nake yi ba, kunya ce. Ban san da wace fuska zan dube ki ba tunda ba mu da wata sai ta wasa.

Wayar tana wurin Ismail, na ce ya ba ki ki ajiye. Amma hannuna bai san ba ta nan ba, kullum yana cikin aljihu yana lalube. Ina jin motsinta a cinyata alhali tana Wurno. Ina tsoron a manta da ni, ina kuma tsoron kada a manta. Barci har yanzu kaɗan ne, kuma tunanin nan na titi bai tafi duka ba. Gara in faɗa maki gaskiya.

A hanya Ismail ya yi mani zancen ganin likita a Kware. Ba zan iya ba. Wani zai ɗauke ni a waya a bakin ƙofar asibitin, a ce kashi na uku ya fito.

Ja'afar


Wurno, ranar Talata

Ɗan'uwana Ja'afar,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Da Ismail ya shigo gida ya ce kana Goronyo, a nan tsakar gida na yi sujada, Sauda tana tambaya ko lafiya. Muna gaishe ka da jiki. Ka zauna inda kake, ba sai ka zo ba, ba kuma zan zo ba sai ka ce.

Jiya na je Kware ni kaɗai. Ni na mayar da wurin abin tsoro a bakina, na ga ya kamata in je in gani da idona. Ja'afar, mutane ne kawai zaune a kan benci suna jiran layi. Kusa da ni wata mai jego ce da ta kasa barci tun da ta haihu, can kuma wani dattijo da carbi da ɗansa ya rako. Ba wanda ya kalli wani. Na yi magana da wata ma'aikaciya, ban faɗi sunanka ba. Ta ce abin da na kwatanta ciwo ne da suke gani kullum, kuma ana samun sauƙi, amma kada a jinkirta, kada kuma a bar ka kai kaɗai da tunanin nan.

Ga shawarata. Ismail zai ɗauko ka da sassafe ranar Litinin. Ka saka takunkumi da hula, rabin mutanen wurin haka suke. Ni zan zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya ɗaga waya zai san 'yar wa ce ni. Na taɓa cewa zan raka ka in riƙe maka takalmi. Maganar banza ce a lokacin, yanzu kuma alkawari ce.

Gwaggo ta zo Wurno duba Baba, na gaya mata a hankali, don ta riga ta gane rabi. Ta ce bakin mutane ne ya kama ka, dubu-dubai suna yabo ba mai cewa tubarkalla. Ta karɓo maka rubutu. Ka sha, ka faranta mata, ba zai hana maganin likita ba. Ita ma ta yarda a je.

Wayarka tana cikin kwallar kayan aurena, a kashe, na rufe ta da zane. Ana ta raɗe-raɗin za a dawo da sabis kwanan nan. Kowa murna yake yi, ni gabana faɗuwa yake yi.

Na aiko maka da tuwon dawa da miyar kuka, tunda ka ce kana so. Allah ya ba ka lafiya.

'Yar'uwarka,
Adawiyya


Goronyo, ranar Alhamis

Adawiyya,

Ina gaisuwa, Inna tana gaisuwa. Ki gaida Ismail, ban san da bakin da zan gode masa ba, shi ma na san ba ya son a yi.

Maganin ya fara aiki, ko kuma bakina ne da ya samu ya yi magana gaban wanda ba ya jiran in ba shi dariya. Shekaranjiya sai da Inna ta tashe ni sallar asuba. Jiya kuma ban samu barcin ba, na tashi da nauyi a ƙirji. Likita ya ce haka abin yake tafiya, in koma bayan sati biyu. Zan koma. Ina fita gona da safe, na iya dashen albasa har yanzu, kuma kin yi gaskiya, akwai gajiya.

Kin ji sabis ya dawo. A nan sai da aka yi guɗa. Kafin yamma samari sun cika ƙofar gidanmu da wayoyi a sama, suna cewa, “Mai Dariya, yi muna guda!” Na ji bakina ya fara buɗewa da kansa, na toshe shi da hannu. Sai ga Inna ta fito da muciya. “Ku ɓace man da gani! Nan gidan Turai na, ba cikin waya na ba!” Sun watse, amma na san za su dawo. Mujaheed ma ya aiko Ƙasimu da saƙo, wai mutane na tambaya. Ban ba da amsa ba. Ban san ko zan koma aikin nan ba, ban kuma san mi zan zama in ban koma ba. Wayar dai ki bar ta cikin kwalla. Ko na aiko ina roƙo, kada ki bayar sai kin tambayi Ismail.

Saura magana ɗaya. Ranar Litinin, tun daga gida har Kware har muka dawo, sannu kawai kike ce mani. Kin riƙe mani takalmi da gaske da za a auna ni. Kin kira ni ɗan'uwa sau ba adadi. Na gode, amma ya isa haka. Duk lokacin da kika yi mani ladabi sai in ji kamar ana shirin yi mani wanka. Yanzu kin iya jin maganata in da gaske nake, ni ma na iya faɗa. To ki dawo mani da zagina.

Zan fara. Maganar da na yi a kan tuwonki, ba ni da lafiya lokacin, na janye ta. Wanda kika aiko, Inna ta jefi karen maƙwabta da saura, har yau yana ɗingishi.

Ina rubuta wannan Inna ta leƙo ta ce, “Mi as same ka? Kuka kaka yi?” Na ce a'a. Ta tsaya tana kallona, don ba ta ji sautin komi ba. Kafaɗuna ne kawai ke rawa.

Bawanki,
Ja'afar